Kujerar Bayan Direba

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da na baro na shigo rana, ruwan randar da na yi shekara biyu cur ina ƙishinsa,

Ina rubuto miki ne a bakin gadon ƙarfe, a ɗakin da muke mu shida, da hannun da siminti ya gama cinyewa. Garin nan ya tsotse ni kamar rake ya tofar, ba ni da wani abin kirki da zan faɗa a kansa. Amma yau ni kaɗai nake ta dariya, har abokan ɗaki sun fara kallon juna.

Ƙanena ya fasa ƙwai. Ashe abin da kika ɓoye mini ke nan?

Kin san dokar ƙauyenmu. Motar safe guda ce mai kai mutane aiki birni, kowace kujera da mai ita, wadda ta yi kwana uku ba kowa kuma ta zama ta na gaba a layi. Marar kujera sai ya taka awa guda zuwa babban titi ya jira sa'a. Ina juya baya Kawu ya fara yi wa ɗansa kamun tawa, ta bayan direba, mai aski kuma yana ta yaɗawa a tasha wai wanda ya tafi ya tafi ke nan. Na ji zafi, amma ban ga laifin Kawu ba, ɗansa ma yana da bakunan ciyarwa. Mai aski ne dai ban yafe wa ba tukuna.

Ran na uku sai ga ki da kwandon ɗinki, kin zauna daram. Ke da warin fetur kaɗai ke juya miki ciki! Kin tuna ranar da na raka ki asibiti a motar nan, kika kifa kai a kafaɗata, kika rantse ba ki ƙara shiga? Ga shi damina da rani kina zuwa kina dawowa, kina ƙarasa kalmasa a cinya, har matan kasuwar birni suka san allurarki, har kika sami rumfa. Wace tsuntsuwa ce ta taɓa tsaron sheƙa haka? Wace rijiya ce ta jira guga ba ta ƙafe ba, sai ke?

Ƙarshen wata aikina zai ƙare, an kuma ɗauke ni aiki a ma'ajiyar katako a birnin da motarmu ke zuwa. Ina nan tafe, farin watana, ki gaya wa mai aski ya wasa askarsa.

An ce kin ce ranar da na dawo za ki tashi ki ba ni wurina. Kada ki soma. Wahala ta sa na yi ɗaci, ba ta mai da ni azzalumi ba. Kujerar nan taki ce, da juwa da haƙuri kika saye ta. Zan shiga ƙarshen layi, bayan ɗan Kawu, in riƙa takawa zuwa titi. Kullum motar za ta wuce ni a hanya. Abu ɗaya nake roƙo: ki leƙo ta taga.

Naki, a zaune ko a ƙasa, har numfashi ya ƙare,
Mijinki