Ranar da Goggo Asabe Ta Mari Kwamfuta

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Jos? Ya Malam da yara? Da fatan ƙafar Sadiya ta warke. Mu nan Birnin Kudu lafiya lau.

An ce a ofishinmu duk mai buga takardu da bai iya kwamfuta ba za a sallame shi. Ni aka sa in gwada su, wai ai na je jami'a. Cikinsu har da Goggo Asabe, mai shekara ashirin a kan tafireta.

Wani saurayi ya zo da satifiket mai ado daga Kano, yana neman harafi da yatsa ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Goggo kuwa ta ƙare layin farko ko kallon yatsunta ba ta yi ba. Sai ta kai hannu za ta tura kan tafireta kamar kullum, ta zabga wa kwamfutar mari.

Oga ya ce, "Hajiya, me ta yi miki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ta ƙi buga ƙararrawar ƙarshen layi irin ta tafireta."

Ta riga kowa gamawa, babu kuskure ko ɗaya. Kujerarta tana nan, da sharaɗin in koya mata adana aiki bayan la'asar.

Ki gaida kowa. Ki sa Goggo a addu'a, har da kwamfutar.

Ƙanwarki,
Hadiza