Kwaɓin Cuku a Ƙofar Mama Sharifa

Pantai Dalam, Kuala Lumpur,
22 ga Agusta, 2021.

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gidanmu na Funtuwa. Yaya ƙafar taki da sanyin daminar nan? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu nan alhamdu lillahi. Baban Nuriyya yana ta fama da rubutun digirinsa a kan teburin cin abinci tunda an rufe jami'a. Nuriyya ta yi wayo, in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da yaren mutanen nan. Juna biyun kuma ya shiga wata na bakwai, ba abin da ke damuna sai kumburin ƙafa. Na zaɓi rubutu ne saboda layi yana yawan yankewa in na kira, kuma maganar tana da tsawo. Na tura wa Yaya Badamasi, shi zai karanta miki.

Goggo, akwai wata dattijuwa da ƙofarta ke kallon tamu a hawa na tara, muna ce mata Mama Sharifa. Baƙar fata ce 'yar Amurka, daga wata jiha ta kudancinsu mai suna Jojiya. Ta musulunta tun tana budurwa, ta auri ɗan ƙasar nan, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika, ta ci gaba da koyar da Turanci a wata kwaleji. Tun zuwana ita ta riƙe ni. Ita ta nuna mini kasuwa, ita ta raka ni asibiti awon farko. A duniya ba ta da kowa sai ƙanwarta Loreta da ke can garinsu. Addini ya bambanta su, amma kullum sai sun yi waya, in kin ji suna shewa sai ki rantse 'yan mata ne.

Bayan babbar salla da mako ɗaya cutar nan ta korona ta kama ta. Ina kallo ta ramin ƙofa masu fararen kaya suka tura ta a kujera, ko sannu ban samu yi mata ba. Lambata ta bayar a matsayin ta dangi. Tana kwana na goma sha biyu a asibiti, ina wanke shinkafa da hantsi, sai ga kira daga Amurka. Ɗan Loreta ne. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu, ita ma cutar ce, kwana huɗu kawai ta yi. Ya roƙe ni kada in gaya wa Mama sai ta yi ƙarfi, don an ce musu numfashinta bai daidaita ba. Na amsa masa da to. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba sai daga baya.

Bayan kwana uku aka sallamo ta, ta rame kamar ba ita ba, daga kujera zuwa ƙofa sai ta tsaya ta huta. Ƙofofinmu a nan suna da ƙarfe ta waje, kamar na shago. Ta kulle nata ta ce ko kuka zan yi ba za ta buɗe mini ba, saboda abin da nake ɗauke da shi. Sai dai in rataya mata abinci a jikin ƙarfen, in ja da baya, mu yi magana da takunkumi a fuska. Kullum tambayarta ɗaya ce, me ya sa Loreta ba ta ɗaukar waya. Ɗan yana turo mata saƙo cewa uwar tana hutawa, ni kuma ina cewa wataƙila magani ne ke sa ta barci. Goggo, ke kika raine ni, kin san ban iya ƙarya ba. In na dawo ɗaki sai in shige banɗaki in kunna famfo don kada Nuriyya ta ji kukana.

Ga shi ba ta cin komai. Cutar ta ɗauke mata ɗanɗano da jin ƙamshi. Na yi kunun gyaɗa, na yi faten dankali, Baban Nuriyya ya sayo mata romon kaza a shagon ƙasa, duk yadda na rataya haka nake saukewa. Rannan na ce ta faɗi duk abin da ranta ke so, ko mene ne. Ta ce wani kwaɓin cuku na garinsu da suke kira fimento, amma ta san ba zan iya ba. Na ce ta dai faɗa, na ɗauko biro.

Mutum ɗaya aka yarda ya fita cefane a kowane gida, don haka Baban Nuriyya ya tafi. Sai a kanti na uku ya samu cukun, na Turawa mai tauri, ruwan ɗorawa, mai ɗan kaifi a harshe. Ta ce kada a sayi gogagge, in goga da hannuna. Da abin gogar kuɓewar da kika sa mini a kaya na goge shi, rabi manya rabi ƙanana. Tattasan da ake sawa a ciki, a kwalba yake zuwa a can, nan babu, sai ta ce in gasa jan tattasai a kan wuta har bayansa ya yi baƙi, in rufe shi a kwano ya yi gumi, in saɓule fatar in yanka ƙanana. Sai mayonis cokali uku, ɗan garin barkono, da albasa da aka goga kaɗan. A juya da cokali a hankali, kada a dame shi ya zama kunu, a sa a firji ya huce. Na farko ya yi ruwa don ban matse tattasan ba, Nuriyya ta cinye shi da biskit. Na biyu ya yi kyau. Na shafa a farin burodi, na yanke gefen kamar yadda ta ce.

Bayan la'asar na rataya mata na koma bakin ƙofarmu. Ta jawo kujera ta zauna daga ciki, ta buɗe, ta gutsura. Ta daɗe tana taunawa. Ta ce ba ta jin komai, kamar takarda take ci, amma a ido ya yi daidai. Sai ta fara ba ni labari. Ta ce wannan ba abincin otal ba ne, duk wanda ke son na gaske sai ya je barandar Loreta lokacin zafi, a zauna a kujerar lilo da shayi mai ƙanƙara. Ta ce in ta warke aka buɗe hanya sai ta kai ni na gani. Ta ce kuma a garinsu in aka yi rasuwa shi maƙwabta suke kawowa faranti-faranti, rabonta da cin sa a gida tun rasuwar mahaifiyarsu, Loreta ce ta kwaɓa da hannunta. Goggo, ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Ta ajiye burodin ta zuba mini ido. Ta kira sunana sau ɗaya, ta ce, "Saudatu, yaushe?" Na ce yau kwana tara. Ta ce an binne ta? Na ce an binne.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kama ƙarfen da hannu biyu ta miƙe da ƙyar. Taku huɗu ne tsakaninmu, na matsa, ta ɗaga mini hannu ta ce in tsaya inda nake. Ta ce an yi jana'izar ƙanwarta ita tana nan tana tura mata hoton fulawa. Ta rufe ƙofar katako. Ina tsaye ina jin ta daga ciki, ba ni da abin yi. A gida da tuni mata sun cika ɗakin, wata ta riƙe ta, wata ta ɗora tukunya. Nan ko kafaɗarta ban isa in dafa ba.

Kwana biyu ba ta taɓa abincina ba. Jiya ta buɗe ƙofar. Na ba ta haƙuri, ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ta san roƙona aka yi, amma kwana taran nan nata ne, bai kamata a ɗauke mata su ba. Ta karɓi burodi yanka ɗaya. Likita ya ce ba maganar hawa jirgi a halin da huhunta ke ciki, ita kuma ta ce ko ta je wa za ta tarar. Ki sa ta a addu'a, Goggo, ki sa Malam Kalilu ya roƙa mata sauƙi. Ni dai kullum ina ratayawa ina saukewa.

Abin da ya sa na ba ki labarin nan duka shi ne, yau mako uku ban ji muryar Baba ba. In na kira a ce yana masallaci, ko ya tafi gona, ko barci ya ɗauke shi, kuma duk wanda ya ɗauka sauri yake ya ajiye. Na san irin wannan muryar yanzu, don ni ma na yi ta. Wataƙila ba komai, Allah ya sa haka. Amma in da wani abu, don girman Allah kada a duba halin da nake ciki a ɓoye mini. Ba zan iya zuwa ba, na sani, ba abin da zan iya yi daga nan. Duk da haka a gaya mini a ranar. Yaya Badamasi, kai da kake karantawa, da kai ma nake.

Ki gaishe mini da Inna Halimatu, da Kawu Datti da iyalinsa, da Aminat da jaririnta, da Ashafa in ya zo daga Kaduna. Baban Nuriyya yana gaishe ki da kyau. In Baba yana kusa, a ba shi waya ya kira ni, ko sallama kawai ya yi ya ajiye.

'Yarki,
Saudatu