Gilashin Waldar Bulus

Daren Laraba, Gombe

Tun ɗazu na sauke Bulus a gidansa na Barunde, amma barci ya ƙi zuwa.

Da sassafe muka fita kallon husufin rana, can gaba da Kwadon inda babu ginin da zai tare mana sama. Shekara ashirin muna abota bai taɓa bari na tuƙa motarsa ba, sai yau ya miƙo mini makulli, wai ya gaji. Ni da wautata har tsokanarsa na yi.

Ya zo mana da baƙin gilashin da yake walda da shi. Da abin ya fara, haske ya dusashe, iska ta yi sanyi. Na leƙa ta gilashin, na ga rana ta koma kamar jinjirin wata. Na miƙa masa.

Ya ɗaga kai ya ce, "Kai, Sani, ikon Allah! Ka ga kyau?"

Ba wajen rana yake kallo ba. Wata bishiyar kuka ya fuskanta, can gefe.

Na kama kafaɗarsa na juya shi a hankali. Sai ya ce, "Likita ya ce wutar walda ta gama da idanun. Ko matata ban gaya wa ba. Faɗa mini yadda ranar take."

Na faɗa masa. Can gari ya washe, na ce, "Ta dawo."

Ya ce, "To, ita ta dawo."