Ruwan Rijiyar Inna

Laraba da dare, Talata Mafara

Na kwanta na tashi, barci ya ƙi zuwa.

Yau na je Damri da gilasan gwajin da muke aiki a kansu a makaranta. Ruwan kiristal ne a shafe a jiki, irin na fuskar waya. In ruwa mai tsabta ya taɓa shi, baƙi ake gani ta madubin dubawa, in kuwa akwai gubar maganin feshi sai launuka su fito. Inna ta daɗe tana cewa jikokinta na ciwon ciki tun da aka fara feshin shinkafa a bayan gida.

Na ɗiga ruwan rijiyarta a kan gilashi ɗaya, na leƙa, baƙi ƙirin. Na ce, "Inna, lafiya lau yake." Ta ce, "Alhamdulillahi, Allah Ya yi maka albarka," ta ɗebi moɗa guda ta ba jikarta Safiya ƙarama a gabana.

Sai a mota, kusa da Bakura, na tuna. In zafi ya yi yawa abin narkewa yake, ya nuna baƙi ko da guba ko babu. Ni kuwa jakata a rana ta wuni.

Na kira Yaya Sani da ke gida ɗaya da Inna ba iyaka, wayarsa a kashe. Gobe da asuba za su ɗebi ruwan koko.

Sauran gilasan na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye a gindin randa. Mai babur ɗin da zai mai da ni Damri ya ce kafin kiran salla zai zo. Allah Ya sa in riga guga isa rijiyar.