Reshen Inna a Magaryar Bayan Gida

Assalamu alaikum, Yaya Lawal.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya Fatakwal, ya aiki? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan Tsaskiya lafiya lau, gero ya shiga rumbu, alhamdulillahi.

Labarin magaryar bayan gida zan ba ka. Bara wani malamin gona daga Safana ya yi mata aure, wato ya ɗaura mata reshen irin mai manyan 'ya'ya. Ya ce duk tohon da ya fito ƙasan ɗaurin in sare shi, don na tsohuwar magaryar ne, zai shanye ƙarfin sabuwar. Na kewaye ta da ƙaya saboda awaki, duk rani ina ba ta ruwa. Bana ta yi 'ya'ya kamar ƙwan zabo, ga zaƙi.

Shekaranjiya na ɗauki adda zan sare wani toho da na yi sakaci har ya zama reshe, sai Inna ta tsaya a gabana. Ta ce, "Sani, ajiye addar nan. Da ganyen wannan aka wanke mahaifinku, da shi za a wanke ni. Ku ci baƙuwar, wannan nawa ne."

Na yi ta bayani, ko kallona ba ta yi ba. Na haƙura. Yanzu gindi ɗaya, 'ya'ya iri biyu, kuma ƙananan take tsinta.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida. Inna ta ce kada ka jira sai ranar da za a tsinki ganyen reshenta kafin ka zo.

Ƙaninka,
Sani