Sau Biyu Na Sayi Kayan Jariri, Wannan Karon Na Kasa

Assalamu alaikum Hajiya Asabe. Don girman Allah ku taimaka min da shawara kafin Asabar ta sama, domin ranar ce za a zo a tafi da matata, ni kuma har yanzu ban san ko in hana ko in bari ba. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, ku yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse. Haka take a cikin kaina.

Shekaruna talatin da huɗu, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, muna haya a Ɗorayi. Matata, bari in kira ta Badi'a duk da ba sunanta ba ne, tana da ciki wata takwas. Wannan ne na uku, amma ba mu da ɗa ko ɗaya a raye.

Na farko namiji ne. Tun cikin yana wata shida na fara saye-saye kamar wanda ba shi da hankali. Zannuwan goyo, 'yan riguna, sabulu, itacen wankan jego, har rago na ɗaure a zaure, maƙwabta suna yi min dariya wai na yi gaggawa. A gida naƙuda ta kama ta, ta daɗe tana fama, yaron ya zo babu rai. Ragon nan sai da ya ƙara sati biyu a zaure yana kuka kafin na iya kiran wanda zai tafi da shi.

Ta biyu mace ce. Ranar ina aikin safe. A kamfaninmu ba a shiga da waya, a bakin get ake ajiye ta wurin maigadi. Ƙarfe biyu na fito na karɓi wayata na ga an yi ta kirana tun tara na safe. Badi'a ta yi ta zubar da jini, matar maƙwabcinmu ce ta yi ta neman wanda zai ba da izinin a kai ta asibiti, domin ni ban bar wa kowa sallahu ba. Da aka gaji aka kai ta. Yarinyar ta zo da rai, ta kwana biyu a cikin kwalba. Ta gilashi na gan ta. Na yi mata huɗuba da sunan mahaifiyata, Halimatu Sa'adiya, da hantsin rana ta uku ta koma. Hajiya, sau biyu na ɗauki 'ya'yana a hannuna, kuma duk biyun a cikin likkafani ne, a hanyar maƙabarta.

Da Badi'a ta gaya min wannan cikin, na ce Alhamdulillahi da bakina, amma abin da na ji a ƙirjina tsoro ne. Tun ranar ban sayi ko allura ba. A wurin awo sun ce jininta ya hau, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Likita ta ce lallai a asibiti za ta haihu, wataƙila ma sai an yi mata tiyata, kuma mu tanadi wanda zai ba da jini. Nas ta rubuto takardar kayan da za a zo da su. Badi'a ta miƙo min da hannu biyu, na ninke na sa a aljihun rigar aikina. Yau sati biyar ke nan.

Ba rashin abin hannu ba ne, kada ku ɗauka haka. Sau biyu na je kasuwa. Na farko na tsaya a gaban mai kayan jarirai, ya ɗago min wata 'yar hula fara yana tambaya ko mace ce ko namiji, sai na ce masa ina zuwa, na juya na tafi. Na biyu ko sauka daga adaidaita ban yi ba. Abin da ya fi ci min rai, injin da nake tsayawa a kansa bahon wankan jarirai yake fitarwa. Tun safe har a tashi ina cire su da zafinsu ina jerawa, shuɗi da ruwan hoda, na 'ya'yan mutane. Abokin aikina Isyaku ya taɓa ware min ɗaya mai kyau ya ce in saya wa amarya ko ango mai zuwa. Na yi masa tsawa a gaban mutane, mutumin da bai taɓa yi min komai ba sai alheri. Har yau ban ba shi haƙuri ba.

A gida ma haka. Idan ta ce yaron yana motsi sai in tashi in ce zan je masallaci. Wata rana ta kama hannuna ta ɗora a kan cikin, na ji ya harba, na fizge hannuna kamar na taɓa wuta. Ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Lahadin da ta wuce tana wanke min kayan aiki ta ci karo da takardar, ta yi laushi, rubutun ya fara gogewa saboda gumi. Na shigo na same ta zaune a bakin rijiya da takardar a hannu. Na so a ce faɗa ta yi min. Cewa kawai ta yi, Malam, ashe ka riga ka binne wannan ma tun bai zo ba. Daga nan ta shiga ɗaki ta kira mahaifiyarta.

Surukata Inna Uwani tana wani ƙauye a Jigawa. Ta kira ni da kanta ta ce za ta zo ranar Asabar ta sama ta tafi da 'yarta. Ta ce birnin nan bai karɓi Badi'a ba, ita 'ya'ya tara ta haifa a ɗakinta a hannun ungozoma babu wanda aka tsaga mata ciki, kuma ba za ta zauna tana jiran a kira ta a waya karo na uku ba. Na san garin nan. Kafin ka kai asibitin da ake tiyata sai ka yi fiye da awa guda, ga damina, idan aka yi ruwa mai yawa mota ba ta shiga sai babur. Duk na san wannan, amma na ce mata to, Inna.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da na ajiye wayar, sauƙi na ji. Na ji daɗi cewa idan abin ya faru ba a gabana zai faru ba, ba ni zan ɗauka zuwa maƙabarta ba. Sai daga baya na tuna cewa wannan karon wataƙila ba jaririn kaɗai ba ne, har da ita. Tun lokacin abinci ba ya wuce min. Na nemi hutu a wurin aiki, oga ya ce mu 'yan wucin gadi ba mu da hutu, wanda ya yi fashin kwana uku ya tarar da wani a kan injinsa.

Ina salla, ina addu'a, amma idan na ɗaga hannu ba na iya roƙon Allah Ya raya min shi, sai dai in ce Ya ba ni haƙuri. Ina tsoron ko na zama mai yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji. Badi'a ta fara haɗa kayanta a jaka, tana yi min magana kamar baƙo. In bar ta ta tafi wurin waɗanda suke da sauran sa rai? Ni dai na duba zuciyata ban ga komai a ciki ba.

Naku,
Wani bawan Allah, Ɗorayi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan yaran nan biyu, Ya sa masu ceto ne. Na karanta wasiƙarka sau uku kafin na ɗauki biro.

Ba zan ce maka wannan jaririn zai rayu ba. Ban sani ba, likitar ma ba ta sani ba. Abin da na sani shi ne, mace mai hawan jini, wadda ta taɓa zubar da jini a haihuwa, ba a kai ta inda mota ba ta shiga. Kada ka bari a tafi da ita. Ran matarka ake magana, kuma wannan nauyin a wuyanka yake ko kana da sa rai ko ba ka da shi.

Amma kada ka ga laifin Inna Uwani. Uwa ce da aka kira sau biyu da mummunan labari, ta kuma ji cewa mijin 'yarta bai tanadi komai ba. Ko ni ce zan zo. Ranar da ba ka aiki a satin nan, ka ɗauki wani babba daga danginka ku je har gida ku same ta, ba a waya ba. Ka gaya mata abin da likita ta faɗa, ka roƙe ta ta zo Kano ta zauna da ku har a haihu a yi jego. Idan ta zo, ku tafi awo tare ta ji da kunnenta. Abin da take so shi ne ta kasance kusa da 'yarta, kuma wannan kana iya ba ta.

Kafin nan akwai Badi'a. Kai ka ɗauki yaran zuwa maƙabarta, ita ta ɗauke su wata tara-tara ta dawo ɗaki da nono yana zuba babu mai sha. Tsoron da kake ji tana jin wanda ya fi shi, ga shi kuma tana ganin ita kaɗai ce. Ba ta san ka je kasuwa sau biyu ba. Ba ta san ka kasa sauka daga adaidaita ba. Ita dai takarda ta gani a aljihu. Yau idan ka dawo daga aiki ka zaunar da ita ka gaya mata duk abin da ka gaya min. Idan bakinka ya kasa, miƙa mata jaridar nan. Wataƙila ba za ta huce nan take ba, kuma tana da gaskiya.

Kayan haihuwa ba sai kai ka saya ba. Ka karɓo sabuwar takarda wurin nas ka ba matar maƙwabcinku ta sayo, ta ajiye jakar a ɗakinta idan ba ka iya kallonta. Ka bar rago da itace sai an sauka lafiya. Ka je ka ba Isyaku haƙuri, ka gaya masa dalili, sannan ka roƙe shi da wani mutum ɗaya ku je a gwada jininku tun yanzu.

Maganar waya kuma, kada a maimaita abin da ya faru. Ka karɓi lambar maigadin get da ta ogan sashenku ka ba Badi'a da maƙwabta. Ka samu mai adaidaita ɗaya a unguwa wanda ya san gidan, ku yi magana. Ka faɗa a gaban kowa cewa ka ba da izini: duk lokacin da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya yi dishi-dishi, ko ta ji motsin ya ragu, a wuce da ita asibiti kada a jira ka. Hutu kuwa, tunda an hana, ka nemi wanda za ku yi musayar ranaku da shi.

Game da addu'arka, ni ba malama ba ce, ka samu limaminku ka buɗe masa cikinka. Amma a ganina mutumin da har yanzu yake ɗaga hannu bai yanke ƙauna ba, rauni ne ya yi masa yawa. Kada ka jira sai zuciyarka ta warke kafin ka motsa, sati huɗu ba za su isa ba. Ka yi abubuwan nan da tsoron naka a ƙirji, ɗaya bayan ɗaya, ka fara da matarka.

Allah Ya sauki Badi'a lafiya, Ya dube ku da idon rahama, Ya sanyaya muku zuciya da abin da Ya zaɓa muku.

Hajiya Asabe