Kwalbar Inna da Kaset Ɗinka

Zuwa ga Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya sanyin Ingila? Mu nan Sintali lafiya muke, in ban da Inna da tari ya sa a gaba. To, na yi gaisuwa kamar yadda aka koya mini. Abin da zai biyo baya ba gaisuwa ba ce.

Ka san halina. Ko ruwa aka ce in kai maka kana tare da abokanka, a bakin ƙofa nake ajiyewa in ruga. Ban taɓa haɗa ido da kai ina magana ba. Amma takarda ba ta da ido, Yaya, saboda haka yau sai ka ji ni.

Kaset ɗin da ka ba Malam Audu, abokin karatunka da ya zo hutu, ya iso. Da ma ka ga Inna ranar. Ta share tsakar gida sau biyu, ta dama kunun gyaɗa, ta aike ni sayen sabon batir. Ta ɗaura zaninta na sallah. Ta ce in kira Maman Rahila da Goggo Dija da sauran matan layinmu, su zo su ji muryar ɗanta daga Turai. Aka kife turmi, aka ɗora rediyo a kai kamar wani babban baƙo.

Gaisuwarka ba ta yi tsawo ba, sai ka shiga koya mana zaman can. Ka ce ba a tare mutum a hanya ana tambayarsa gida da iyali. Ba a faɗa wa mutum gida sai an yi alkawari. Ana bin layi, ba a ɗaga murya a jirgin ƙasa, ko direban bas ana ce masa an gode. Mata suna ta gyaɗa kai, Inna kuwa bakinta ya ƙi rufuwa, sai duban fuskokinsu take ɗaya bayan ɗaya.

Sai ka yi dariya. Har yanzu dariyar nan tana kunnena. Ka ce kwalbar tafarnuwa da zumar da aka cusa maka a jaka, tun a filin jirgin Kano ka jefa ta kwandon shara, domin wanda ya shiga jirgi yana warin tafarnuwa ya kunyata kansa da ƙasarsa. Ka ce a gaya wa Inna ta bar waɗannan magungunan ƙauye. A gaya mata! Ita ce fa zaune gaban rediyon.

Maman Rahila ta sunkuyar da kai tana tsintar zaren tabarma. Goggo Dija ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali da shigowarta ta ce ta gama girki. Inna ba ta kashe ba, ta bari har ka gama. Ta sa maka albarka, ta naɗe kaset ɗin a ɗankwali, ta sa a akwati. Kunun nan kaji suka sha.

Ka san yadda aka yi kwalbar nan kuwa? Ba ka sani ba, kana can wajen tela ana gwada maka kwat. Zumar Gembu ce, sai da Inna ta jira motar da ke saukowa daga dutse. Sau biyu tana mayar da wadda aka kawo, ta ɗiga a ruwa ta ga ta narke, ta ce an haɗa da sukari. Tafarnuwar ni da ita muka ɓare, har ƙarƙashin farcena ya yi ta zafi. Kwalbar ta yi makonni a ƙarƙashin gado, tafarnuwar tana jiƙa a zumar. Inna ta ɗaure bakin da leda, ta naɗe ta da tsohon zaninta don kada ta fashe.

Don wa? Don yaron da in damina ta faɗi ƙirjinsa ke kuka kamar usur. Ka manta, ni ban manta ba. Kullum da safe cokali ɗaya, kana yamutsa fuska, tana cewa, "Wari a baki, lafiya a ƙirji." Da ƙirjin nan ka hau jirgi, da shi ka yi mata dariya.

Ni ma wauta ta ci ni. A littattafan soyayyar da kake cewa suna ɓata mini lokaci, wanda ya yi tafiya ko hankici aka ba shi yakan adana a aljihun gaba. Sai na riƙa kwanciya ina ganinka gaban taga, ƙanƙara na zuba, ka buɗe kwalbar, ƙanshin ɗakin Inna ya taso, hawaye ya cika maka ido. Ashe ko Kano ba ta wuce ba. Yanzu ko littafin na ɗauka, haushin jarumin nake ji.

Ban ce dole a bar ka ka shiga jirgi da ita ba. Wataƙila akwai doka, ni ban taɓa wuce Yola ba. Amma da ka miƙa wa wani mai shara a filin. Da ka yi shiru ma, ya wadatar. A cikin duk ladubban da ka jero mana, babu wanda ya koya maka yadda ake karɓar kyautar uwa? Direban bas ya samu godiyarka, wadda ta haife ka ba ta samu ba.

Ga abin da ka jawo. Inna ta daina haɗawa. Ran nan Maman Rahila ta zo da ƙaramin kofi, jikanta na mura, Inna ta ce babu. Matar da duk layin nan, Musulmi da Kirista, ƙofarta suke bugawa da sanyin safiya. Tarinta kuwa mun je asibiti, an ba ta magani tana sha. Amma da safe nakan ga hannunta ya nufi inda cokalin yake, sai ta janye. Abin da ya fi ƙona mini rai, yanzu kanumfari take taunawa kafin ta fita. Jiya za ta gidan suna, ta kira ni kusa, ta hura mini numfashi, ta tambaye ni ko tana wari. Innarmu, Yaya.

Na san ba mugu ba ne kai. Kai ne kake goya ni zuwa makarantar allo in ruwa ya cika layi. Ina ganin kaɗaici ne da tsoron kada a raina ka suka sa bakinka ya yi sauri. Shi ya sa na rubuto, da na yanke ƙauna da ban ɓata biro ba.

Malam Audu zai ba ka wannan takarda tare da kaset ɗinka. Ni na ciro shi daga akwatin, in faɗa ne zan sha. Na duba, gefe na biyu babu komai a kai. Ka cika shi. Ka gaishe ta a tsanake, ka ba ta haƙuri, ka ce sanyin can ya taɓa maka ƙirji, ka roƙe ta ta haɗa maka wata. Ni kuma, duk kunyata, zan bi layin nan ƙofa ƙofa in tara matan nan, su ɗin dai, kowa ta zauna inda ta zauna ranar.

Allah ya ba Inna lafiya da tsawon rai. Allah ya tsare maka ƙirjinka, ya ba ka sa'ar karatu, ya dawo mana da kai yadda muka san ka. Amin.

Batir na nan na saya, na ɓoye.

Ƙanwarka,
Zulai